Kansilan Da Aka Zuba Wa Nasa Daban

Ya ku 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum a Gyadi-Gyadi, zamanin da unguwar ba ta cika ba, mutum na fita ƙofar gida ya taka gona. Ba za a faɗi sunansa ba, don ya bar 'ya'ya, su kuwa ba su yi wa kowa komai ba. Yana da yaya mace, Kulu. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, har ya girma Auta take ce masa. Ta wurinta za mu bi labarin nan.

Ranar da labari ya iske ta, tana tankaɗe a tsakar gida. Bazara ce, ko inuwa zafi take yi. Sai ga maƙwabciyarta Lami ta shigo, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Mijin Lami, Haruna, masinja ne a ofishin da manya suke zama. Lami ta ce yau aka yi zaman ƙarin albashin leburori, kuma an kayar da maganar. Kulu ta ce to, Allah ya gani, ta san Auta ya yi iya yinsa, an dai fi shi yawa ne.

Lami ta tsaya tana kallon ƙasa. Can ta ce, "Yaya Kulu, shi ya fara ɗaga hannu a kan kada a ƙara."

Kulu ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa tankaɗenta, ta kaɗe rariya, ta rufe garin. Sannan ta zauna a kan turmi.

Kafin ku gane nauyin wannan magana, sai kun san ƙofar gidan Malam Isyaku, mijin Kulu.

Malam Isyaku lebura ne a wani kamfanin fatu can bayan gari. Yawancin mazan layin nan can suke aiki. Mutanen karkara ne da suka shigo birni neman abinci, wannan daga gabas, wancan daga kudu. Suna wuni a ramin magani suna juya fata, su dawo da warin da sabulu ba ya fitarwa, hannuwansu duk sun tsattsage.

Amma suna da abu guda da suka riƙe, wato ciyayya. Da an sallame Magariba sai a shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gidan Malam Isyaku. Kowane gida ya fito da kwanonsa. Malam, da yake shi ne babba, shi yake buɗewa, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a kowane kwano. Wanda aka dafa nama a gidansa da wanda ko wuta ba a hura ba, duk cinsu ɗaya. Wanda ba shi da komai sai ya zo da hannunsa kawai, ba mai tambayarsa. Ba a taɓa korar kowa ba. Ba a kuma taɓa mayar da kwano ba a taɓa shi ba, ko da miyar ta ƙone, don kada a ci fuskar matar da ta dafa.

A wannan tabarma Auta ya girma. A nan ya ci har ya gama makaranta, ya zama akawu, ya bar akawu ya shiga kwangila, ya je Makka ya dawo Alhaji. Da aka zo zaɓen kansiloli, mutanen nan ne suka bi gida-gida suna cewa ga namu. Ya ci. Ya gina gidan siminti a Tarauni ya tare. Duk da haka langarsa ba ta daina zuwa ciyayya ba, direba ke kawowa kullum, shi kuma yakan zo da kansa ranar Juma'a.

To, kun tuna yadda aka yi bayan ƙarin albashin Udoji. Ma'aikatan gwamnati sun sami ƙari, kasuwa ta ji labari, komai ya tashi. Mudun gero ya tashi, manja ya tashi, kuɗin haya ya tashi. Leburan kamfani kuwa an bar shi inda yake. Da kuka ya yi yawa sai aka kafa kwamiti a duba mafi ƙarancin abin da za a riƙa biyan lebura. Aka zuba masu kamfani, aka zuba 'yan majalisa. Aka ce a sa wanda ya san leburori, sai aka sa Alhaji.

Juma'ar da ta biyo baya ya zo ciyayya. Hannunsa na cikin kwano ɗaya da nasu ya ce su kwantar da hankalinsu, tunda yana ciki magana ta ƙare. Daren nan har da masu yi masa addu'a da hawaye.

Abin da ba su sani ba shi ne, Alhaji yana da hannun jari a kamfanin. A shekarun nan an ce kamfanonin baƙi su sayar wa 'yan ƙasa wani kaso, ya sayi ɗan kaɗan. Wannan ba laifi ba ne. Laifin ya fara ne ranar da ya zauna a kujerar kwamiti ya ga cewa ƙuri'arsa ce za ta raba gardama.

Sai ya bi 'yan kasuwar da suke da jari irin nasa. Ya zauna a shagon wannan, ya sha lemo a shagon wancan, yana cewa cikin raɗa, shi fa yana ciki, ƙarin nan ba makawa za a yi shi, kuma in an yi ba sauran riba. Wa zai ƙaryata ɗan kwamiti? Suka tsorata, suka shiga neman mai saye ko da araha. Ya tura yaransa suna saye masa a ɓoye. Ya sayar da motar ɗaukar kayansa, ya sayar da filayensa, ya sayar da rabonsa na gonar gado, duk ya zuba. Da ya tabbata hannunsa ya cika, sai ya shiga zama ya ɗaga wannan hannun.

Ku duba, 'yan uwa. Bai fasa gidan kowa ba. Bai tare hanya da adda ba. Hannu kawai ya ɗaga, a ɗaki mai fanka.

Washegari da sassafe Kulu ta yafa mayafi ta taka har Tarauni. Ta same shi yana karyawa. Ya yi mata maraba, ya sa a kawo mata shayi. Ta ce ba shi ya kawo ta ba.

Ya ce, "Yaya, harkar nan ba ki gane ta ba. In aka ƙara, kamfani rufewa zai yi, kowa ya rasa."

Ta ce, "Kamfanin wa?"

Ya yi dariya. "Ai yanzu kusan namu ne, ni da ke. Ki gaya wa Malam ya ƙara haƙuri, wata mai zuwa zan sa a ba shi helma, ya zama shugaban leburori, ya huta da shiga rami."

"Malam shi kaɗai ya zaɓe ka?"

Ya shiga yi mata dogon bayani, yana sako Turanci. Ta bar shi har ya kai aya. Sannan ta ce, "Auta, bakin nan da kake yi mini Turanci da shi, ni na koya masa cewa ruwa. Ka koma ka ce musu ka yi kuskure. Ba a rufe ƙofa ba tukuna."

Ya ce mata siyasa ba aikin mata ba ce. Ya ce direba ya mayar da ita. Ta ce ƙafar da ta kawo ta ba ta karye ba.

Da Magariba direba ya kawo langa kamar kullum. Shinkafa ce da kaji, ƙamshi ya cika layin. Aka jera ta cikin kwanuka. Malam Isyaku ya yi bisimilla ya fara buɗewa. Ya buɗe na gidan Haruna, ya buɗe na gidansa, da ya zo kan langar Alhaji sai ya tsallake ta ya buɗe na gaba.

Kowa ya bi shi a haka. Ba su yi shawara ba, ba su yi taro ba. Aka cinye tuwon dawa da miyar kuka tsararo, aka suɗe. Wani Tanko, abokin aikin Malam, mai barkwanci ne, ya dubi langar ya ce, "Allah sarki, kazar nan ko a mace ta fi mu albashi." Aka ɗan murmusa. Aka miƙa wa direba kayansa da murfinsa a rufe.

A nan mutumin ya yi wautar da ta fi ta farko. Ya girma a tabarmar nan, ya san abin da mayar da kwano yake nufi. Da ya tako da ƙafarsa a daren ya durƙusa, da wataƙila an saurare shi. Amma kuɗi sun riga sun canza masa ido. Sai ya ɗauka raini suka yi, abincin ne bai isa ba. Washegari ya aiko da langa biyu. Aka mayar. Ya aiko da fanteka. Aka mayar. Ya sa aka yanka rago aka gasa aka kawo a tire, maiƙo na ɗiga. Mutanen da suka yi watanni ba su ga tsoka ba suka zauna kusa da shi suka ci tuwonsu, suka tashi.

Kada ku ɗauka abin da sauƙi. Kwanuka sai ƙanƙancewa suke yi. Masu zuwa da hannu kawai suka ƙaru. Wata rana direban, da tausayi ya kama shi, ya leƙo zaure ya ce wa Kulu, "Inna, ki karɓa ki shigar ciki, yara su ci. Wallahi ba mai ji a bakina." 'Ya'yanta na tsaye a bayanta, idanunsu na kan langar. Hannunta har ya motsa. Sai ta ce masa, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Mayar masa. Naman ubansu ne a ciki." Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba.

Aka aiko wa Malam Isyaku da maganar helma, ya ce a gode. Maimakon haka sai ya riƙa ƙara awoyi a rami don abin ya kai wata. Yakan fita duhu bai washe ba, ya dawo da ƙyar ya riski Magariba. Tari ya kama shi. Kulu ta dafa masa sassaƙe, ta kai shi asibiti, aka ce maganin fata ne ya ci masa ƙirji, sai ya huta. Ya ce in ya huta wa zai ci da gidan? Ruwan farko na damina ya sauka yana kwance. Kafin gero ya fid da kai an kai shi makwancinsa.

Mutuwa ta Allah ce, ba mai ja. Amma Allah ya san wanda ya tura bawa cikin rami ya hana shi fitowa.

Alhaji ya zo zaman makoki da buhunan shinkafa a bayan mota. Aka shiga aka gaya wa Kulu. Tana cikin takaba, muryarta a dushe. Ta ce a karɓi gaisuwarsa, ta gode, Allah ya ba da lada. Shinkafar kuwa a mayar masa da ita mota, gidan nan ba a dafa ta. Mata suka yi ta ba ta baki, ki duba marayu, ɗan uwanki ne fa. Ta ce ta san ɗan uwanta ne, ai shi ya sa.

Bayan an share makoki, leburori ba su yi zanga-zanga ba, ba su jefi kowa ba. Tafiya kawai suka fara yi. Lokacin gine-gine ne ko'ina a gari, ana neman masu ƙarfi, wasu suka koma can. Wasu suka tafi ƙauye noma, ba su dawo ba. Kamfani ya kwaso sababbi, su ma da sun ɗanɗana rami da albashin sai su gudu. Fatu suka riƙa ruɓewa a tsibi. Masu saye daga waje suka fara mayar da kaya.

Baƙin da suke da ragowar kamfanin sun ga inda abin ya dosa. Sai suka kira Alhaji, suka ba shi kujera mai laushi. Suka ce masa cikin raɗa, su fa suna ciki, sun san babban ciniki na tafe, amma tsufa ya zo musu, suna son su bar wa ɗan gari mai hankali kasonsu. Irin maganar da ya yi wa 'yan kasuwa, ita aka yi masa, kuma bai gane muryarta ba. Ya jinginar da gidan Tarauni ya saye. Ya kwana yana mai kamfani. Su kuwa suka hau jirgi.

Ba a daɗe ba aka sa kwaɗo a ƙofar kamfanin. Takardun jarinsa suka koma abin ƙunshe ƙosai. 'Yan kasuwar da ya yaudara suka gano wanda ya saye nasu, suka kai ƙara. Aka tuɓe shi daga kujera. Gida ya tafi, mota ta tafi, matarsa ta kwashi yara ta koma gidansu. Da aka buga gangar siyasa ya zagaya ofisoshin jam'iyyu, kowa ya ce masa a dawo gobe. Ina masu ranka ya daɗe? Ina masu buɗe masa ƙofar mota?

Wata Magariba sai ga shi a gindin darbejiya, a ƙafa, rigarsa ta yi masa yawa. Ciyayya na nan, ko da yake an ragu. Tanko ne babba yanzu. Alhaji ya yi sallama, aka amsa masa gaba ɗaya. Ya tsuguna a bakin tabarma yana jiran a matsa masa.

Tanko ya aika cikin gida a ba shi kwano wanda ba komai a ciki. Kulu da kanta ta ɗauko ta miƙa, ba ta san na mene ne ba, sai ta tsaya a zaure tana leƙe. Tanko ya bi kwanuka, ya gutsuro daga kowanne, ya zuba miya, har ya fi rabon kowa yawa. Ya ajiye a gefe, inda tabarma ta ƙare.

Mutumin ya dubi kwanon, ya dubi mutane. Ya ce, "Baba Tanko, ai ni ɗan gida ne."

Tanko, wanda bakinsa ba ya rabo da wasa, ya ce, "Ci, Alhaji. Ba a hana kowa abinci a nan."

Suka juya suka haɗa hannuwansu a kwano ɗaya. Shi kuma ya ci nasa shi kaɗai, kamar baƙon da aka tsinta a tasha. Kulu na gani. Da ta yi magana ɗaya daga zauren nan, da sun matsa masa don darajar Malam. Ba ta yi ba.

Ta ba shi ɗakin zaure. Ta wanke masa kaya, ta dafa masa kunu da ciwo ya kama shi, don Auta ne har gobe. Wata rana ya riƙe mata hannu ya ce ta roƙar masa gafarar mutanen layi. Ta ce, "Nawa na yafe, duniya da lahira. Na marayun nan sai sun girma su faɗa da bakinsu. Na sauran kuwa ba nawa ba ne balle in bayar. Tashi ka bi su."

Ya kuwa gwada. Ya dogara sanda ya bi layi. Amma wa zai samu? Wannan ya koma ƙauye, ba wanda ya san sunan ƙauyen. Wancan ya rasu. Wasu ɗaruruwa ko fuskarsu bai taɓa gani ba. Da hannu ɗaya ya taɓa su duka a zama ɗaya, ga shi ƙafa biyu sun kasa kai shi wurinsu. Yana cikin wannan nema ajali ya same shi. Mutanen layi suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka ɗauke shi a kafaɗa, don wannan haƙƙinsa ne, su kuwa ba sa cin haƙƙi. Kulu ta yi masa kukan da ba ta yi wa kowa ba.

Ya ku 'yan uwa, ga abin da ke ciki, ba ɓoye-ɓoye. Wanda aka ɗora a kujera don ya yi magana da bakin talaka, ba shi da ikon ya buɗe shago a ƙarƙashin kujerar. Ko ka zama mai yanke albashi, ko ka zama mai cin ribar albashin, ba a haɗa su a aljihu ɗaya. Abin da ka ji a ɗakin shawara amana ce, ba haja ba ce. In ka sayar, kuɗin da ka karɓa na wani ne, ko da alƙali bai kama ka ba.

Malamai sun gaya mana cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. To ina wanda ya zauna ya ƙulla yadda za a rage kuɗin gumin tun kafin ya tsattsafo? Sun kuma gaya mana, laifin da ke tsakaninka da Allah, in ka tuba yana yafewa. Na bayinsa kuwa sai su. Ka je Makka sau nawa ka ga dama, yana nan yana jiranka.

Ga sababbi nan suna ta hawa kujeru, ana yi musu guɗa. Wasu za su ce Kulu, mace mai tallan ƙosai, me ta sani a harkar majalisa? Ba ta san Turanci ba. Amma ta san wanda aka binne. Wanda maganar nan ta yi wa zafi, ya duba aljihunsa.

Allah ka tsare hannuwanmu daga abin da ba namu ba. Allah ka tsare 'ya'yanmu daga kujerar da za ta raba su da mutanensu. Allah ka jiƙan Malam Isyaku, ka sassauta wa wanda ba mu ambaci sunansa ba.

Kulu na nan a Gyadi-Gyadi, tana suyar ƙosai tana riƙe marayunta. Kullum da safe in mai ga-ruwa ya yi sallama, takan tare shi tun a zaure, ta sa masa kuɗinsa a hannu kafin ya sauke garwa. Abin da ya faɗa shi take bayarwa, ba ta neman ragi. Matan layi suna mita, wai tana ɓata musu farashi. Takan ce musu su je su yi ciniki a kan atamfa. Sannan ta buɗe masa randa.